Yadda Ake Haɗa Injin V8 Mai Dogon Bugu Don Hawan Titi

Injin sitiroka shi ne wanda aka canza masa kirankishaf domin fistin ya riƙa yin tafiya mai tsawo a cikin silinda, ta yadda zai zuƙi iska da fetur fiye da da. Wanda ya fi shahara a Amurka shi ne 383, wanda ake haɗawa daga injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, da ya fara fitowa a motar Camaro a 1967. Faɗin silindar 350 inci 4.000 ne, bugun fistinsa kuma inci 3.480. Idan aka ƙara faɗin zuwa 4.030, aka sa shaf mai bugun 3.750, girman injin ya koma kusan lita 6.3. Abin da ake nema a titi shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, wanda direba zai ji da zarar ya tashi daga danja, kuma da fetur ɗin da ake sayarwa a kowane gidan mai.

Aiki yana farawa da bulok. Ana wanke shi, a duba ko akwai tsaga, sannan a kai shi shagon masu yanka a faɗaɗa silindoji. Masu aiki mai kyau sukan ɗaure farantin ƙarfe mai kauri a saman bulok kafin su goge bangon silinda, saboda kusoshin kan injin suna ɗan murɗa ramin idan an tamke su. Bulok ɗin da aka ƙera daga 1987 zuwa sama ya fi dacewa, domin yawanci yana karɓar kamshaf mai ƴan tayoyi, kuma abin tare mai na bayansa guda ɗaya ne, bai cika yoyo ba.

A da, makanikai kan ciro shaf daga injin Chevrolet 400, su rage kaurin wuyansa daga inci 2.650 zuwa 2.450 domin ya zauna a bulok ɗin 350. Yanzu kamfanoni irin su Scat da Eagle suna sayar da sabon shaf tare da kwanrod da fistin. Akwai kwanrod mai inci 5.7 da mai inci 6.0, dukansu suna aiki, amma kowanne da fistin ɗinsa, ba a haɗa su barkatai. Dole ne kuma a san yadda aka daidaita nauyin shaf ɗin. Na 400 na asali yana dogara da ƙarin nauyi a fulawil da kuma dampar gaba, kuma idan aka sa masa na 350 injin zai yi ta karkarwa har ya cinye metal.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cin lokaci. Tunda bugun ya ƙaru, kwanrod yana lilo nesa da inda aka tsara masa, sai kusoshinsa su taɓa ƙasan silinda da gefen da kaskon mai yake zama. Ana haɗa shaf da kwanrod na gwaji, a juya da hannu a hankali, a sa alama duk inda ƙarfe ya kusanci ƙarfe, a kwance, a ci wurin da garanda, a sake haɗawa. Ana neman tazarar kusan inci 0.060. Garaje a nan yana da tsada, domin ramin ruwa yana kusa, kuma wanda ya huda shi ya yi asarar bulok. Haka ake dubawa tsakanin kwanrod da kamshaf. Wani lokaci sai an nemi kamshaf mai siririn gindi. Bayan an gama sai a sake wanke bulok da sabulu da ruwan zafi, har farin ƙyalle ya fito ba baƙi.

Batun matsi shi ne ke raba injin da zai daɗe da wanda zai lalace da wuri. Fetur mafi kyau a gidajen man Amurka yana da oktan 91 zuwa 93 bisa ma'aunin ƙasar. Idan matsin ya wuce abin da fetur zai jure, sai ya fashe da kansa kafin wuta ta gama bin sa, a ji ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ne ke fasa fistin. Da kan injin na baƙin ƙarfe akan tsaya wajen 9.5 zuwa 1. Da na alminiyam, wanda ke saurin fitar da zafi, ana iya kaiwa 10.5. Lissafin yana yaudarar sababbin hannu: fistin mai shafaffen kai da kan injin mai ɗakin ƙuna na sisi 64, irin na Vortec, yana kai 383 zuwa kusan 11 zuwa 1. Shi ya sa ake amfani da fistin mai kwarmi na sisi 16 zuwa 18. Tazarar da ke tsakanin kan fistin da shafaffen ɓangaren kan injin kuwa ana so ta tsaya kusan inci 0.040, saboda tana cakuɗa iska da mai, ta rage ƙwanƙwasa.

Wajen kamshaf, an fi yin kuskuren zaɓar babba saboda daɗin ƙararsa. Wanda ke buɗe bawul na digiri 220 zuwa 230, idan an auna a ɗagin inci 0.050, ya ishi titi, kuma yana barin isasshen zuƙo ga burki. Kafireta mai cfm 650 zuwa 750 ta wadatar.

A haɗawar ƙarshe komai awo ne. Tazarar metal akan bar ta wajen inci 0.0025, kowane ringi kuma ana goge bakinsa daidai da silindar da zai zauna. Ana tamke kusoshi da sifana mai ma'auni, bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe. Wayoyin fulogi suna bin jerin 1-8-4-3-6-5-7-2.

Kafin a tayar, ana juya famfon mai da direla har baƙin mai ya hau sama. Idan kamshaf ɗin mai shafaffun tafet ne, ana zuba mai mai sinadarin zinki, a riƙe injin tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na kimanin minti 20, ba a barin sa a silo. Daga nan sai a saita taimin, jimillarsa digiri 32 zuwa 36, a hau tudu da giya babba ana saurare. Idan an ji ƙwanƙwasa, a ja taimin baya da digiri 2 a sake gwadawa. Ana juye man farko tare da filta bayan wannan gwaji.