Tafintan Kwamfuta da Hatsarin Tsohon Manuni

Kwamfuta ba ta jin maganar ɗan Adam. Saboda haka akan sa mata wani tsari da ake kira tafinta, shi ke karanta umarnin da aka rubuta mata, yana aikatawa bi da bi. Duk abin da tafinta ya ajiye yana da ɗaki cikin rumbun na'urar, kowane ɗaki da lambarsa. Lambar nan da yake riƙewa domin ya koma ga ajiyarsa ita ake kira manuni.

Hakimai da malamansu sun san irin wannan a littafin haraji. In mai gida ya tashi, baƙo ya tare, ba a kuwa gyara littafi ba, lalle takarda za ta faɗa hannun wanda ba nasa ba. Amma ɗan aike yakan yi sallama ya tambaya. Tafinta ba ya tambaya, inda manuni ya nuna nan yake rubutu.

Cikin watan Yuli na 2015 aka fasa ma'ajin Hacking Team, wani kamfanin Italiya mai sayar wa gwamnatoci kayan leƙen asiri, aka watsa takardunsa. A ciki aka sami wata dabara ta yaudarar tafintan Flash na kamfanin Adobe. Ga yadda take. Mugu ya umarci tafinta ya rubuta adadi cikin wani jeri. Tafinta ya riƙe manunin wurin tukuna, sa'an nan ya juya ya tambaya ko nawa ne adadin. To, nan gizo ke saƙa, gama cikin amsar an ɓoye umarnin a ƙara tsawon jerin. Jeri ya ƙaura, aka saki tsohon ɗakinsa, mugun ya yi maza ya sa wani jeri nasa a ciki. Da tafinta ya komo sai ya yi rubutu bisa lambar da ke faɗin iyakar sabon jerin. Iyaka ta rushe ke nan, rumbu duka ya zama a hannun mugun. Mai na'ura kuwa bai yi kome ba illa buɗe shafin intanet.

Adobe ya fid da gyara cikin 'yan kwanaki, amma na'urar da ba a sa mata gyaran ba ƙofarta a buɗe ta zauna. An daina aiki da Flash a ƙarshen 2020, ciwon dai bai bi shi ba. Cikin shekarar 2020 Google ya bayyana cewa wajen kashi 70 cikin 100 na manyan kurakuran tsaro a Chrome na rumbu ne, rabinsu kuwa daga komawa ga ɗakin da aka riga aka saki suke.