Darasi: Wa ke biyan kuɗin motar ƴan makaranta?

Karatu

Yara, kun san ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. In yaro ya gama aji shida, sau da yawa sai ya tafi babban gari. Wani ya tafi da ƙafa, wani da keke, wani ya hau amalanke. Wani kuma a kai shi gidan ɗan uwa ya zauna. Wanda bai sami ko ɗaya ba, sai ya bar karatu. Ƴan mata su suka fi shan wannan wahala, don iyaye ba su son ƴarsu ta yi doguwar tafiya ita kaɗai.

A wasu ƙasashe hukuma ce ke ɗaukar nauyin tafiyar. A Ingila akwai doka tun 1944. Yaron da bai kai shekara 8 ba, in makarantarsa ta wuce nisan kilomita 3 da ɗan abu, majalisar yankinsu ce za ta kai shi kyauta. In ya kai shekara 8, sai nisan ya kusa kilomita 5. A Faransa, tun 2017 jihohi ne ke riƙe da wannan aiki. A Kano ma gwamnatin jiha ta taɓa fitar da manyan motoci don kai ƴan mata makaranta, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015.

A wurare da yawa ana ba ɗan makaranta kati. In ya nuna shi, sai ya shiga mota da kuɗi kaɗan, ko kyauta. Amma ku lura da kyau. Mota ba ta tafiya kyauta. Tana shan mai, tana cin taya, direba kuma yana jiran albashinsa. Abin da yaro bai biya ba, wani ne ya biya. Wannan shi ake kira tallafi.

Komun da baitulmalinta

Magariya tana kudu da Damagaram, kusa da iyakar Najeriya. Dā Dungas tana cikin gundumar Magariya. A 2011 aka raba su, Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta. Gundumar Magariya tana da komun 7, kamar Bande, Waca, Kwaya da Yekuwa. Gundumar Dungas tana da 4: Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Malawa.

A 2004 aka yi zaɓen majalisun komun a faɗin Nijar. A 2016 gwamnati ta miƙa musu wani sashe na ayyuka huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Amma ko wa ke riƙe da komun, tambayar ɗaya ce: ina kuɗi za su fito?

Suna fitowa ta hanya uku. Ta farko ita ce lanho da kuɗin kasuwa: kuɗin rumfa, na kara inda ake sayar da dabbobi, da na tasha. Ta biyu ita ce abin da gwamnati ke turowa. Akwai ma'aikatar da aka kafa don haka a 2008, sunanta ANFICT. Ta uku ita ce taimakon ƙungiyoyi. In damina ta yi kyau, kasuwa ta cika, kuɗi su shigo. In an yi fari, aljihun manomi ya bushe, na komun ma ya bushe.

Mu yi lissafi

Ku tuna: dala ɗaya tamma 5 ce, jika ɗaya kuma tamma 1.000. Ga misali da muka ƙaga don koyon lissafi.

Mota tana ɗaukar yara 30. Kuɗin mai, gyara da direba sun tashi jika 15 a rana. In aka raba, kowane yaro ya ci tamma 500, wato dala 100. Iyaye su biya dala 20, komun ta cika dala 80, wato tamma 400.

A rana: 400 × 30 = tamma 12.000.
A wata mai kwanan karatu 20: 12.000 × 20 = tamma 240.000.
A wata 9, daga Oktoba zuwa Yuni: 240.000 × 9 = tamma 2.160.000.

Wannan fa mota ɗaya ce, ga yara 30 kawai. Kuma kuɗin ba ya zama wuri ɗaya. A ranar 29 ga Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin mai. Nan da nan man da ake sayarwa a kwalba a garuruwan iyaka ya yi tsada. In mai ya tashi, dole ɗayan uku: iyaye su ƙara, komun ta ƙara, ko mota ta tsaya.

Zaɓi mai wuya

Kuɗin da aka sa a mota ba za a gina aji da shi ba. Har yanzu yara da yawa a ajin zana suke karatu. Zana kuwa abincin wuta ce. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta a Ƴamai. A watan Nuwamba na shekarar, wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Saboda haka mai neman mota yana da hujja, mai neman ajin siminti ma yana da tasa.

Akwai kuma wasu hanyoyi. Ana iya kawo makaranta kusa da yaro, a buɗe kwaleji a karkara. Ana iya dafa abincin rana a makaranta, don kada yaro ya yi tafiyar sau huɗu. Ana iya gina gidan kwana. Daga 2021 gwamnati ta soma gina wa ƴan mata irin waɗannan gidaje, ɗaya daga cikin na farko yana Kelle, a gundumar Gure. Kowace hanya da kuɗinta. Aikin shugabanni da kwamitin iyaye shi ne su auna, su ga wadda za ta riƙe yara mafi yawa a makaranta da kuɗin da ke hannu.

Abin riƙewa

Tallafi shi ne kuɗin da hukuma ke cikawa don abu ya yi wa talaka sauƙi. Kuɗin komun na jama'a ne. Wanda ya biya lanho yana da ikon tambayar inda aka sa shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa wasu yara ke barin karatu bayan aji shida?
2. Faɗi hanya uku da komun ke samun kuɗi.
3. A wace shekara Dungas ta zama gunduma?
4. In kuɗin mota ya koma jika 18 a rana, iyaye ba su ƙara ba, dala nawa komun za ta biya wa kowane yaro?

Aiki

Kowa ya ƙidaya takunsa daga gida zuwa makaranta. Gobe mu rubuta a allo, mu ga wanda ya fi nisa. Sa'an nan ku kasu gida uku: ƴan mota, ƴan aji da ƴan gidan kwana. Kowane gida ya kawo hujjarsa da Hausa, ya sake faɗinta da Faransanci.