Darasi: Inda Ribar Mai Yankan Alminiyam Take Zurarewa

Garin Suleja na jihar Neja yana cin moriyar kusancinsa da Abuja, domin ayyukan gine-gine da gyaran injuna na babban birnin sukan gangaro har zuwa ƙananan maƙeran zamani da ke aiki a zaurukan gidaje, a unguwanni irin su Hashimi. Daga cikin ayyukan da kan zo musu akwai yanka sandar alminiyam mai kauri, watau gorar ruwa, gunduwa-gunduwa. Da yawa sukan yi lissafin kuɗin sanda da ladan aiki, su manta da abin da bakin zarto yake ci.

Alal misali, sanda mulmulalliya mai kaurin milimita 100 tana da nauyin kimanin kilo 21 a kowace mita guda. Idan zarto mai faɗin baki milimita 3 ya ratsa ta sau ɗaya, kusan giram 64 ne ya koma gari. To, a ce an ba maƙeri aikin fitar da gunduwoyi masu tsawon milimita 20. Da wannan zarto gunduwa 43 zai samu a mita guda, alhali kuwa da siririn zarton inji mai bakin milimita 1 zai samu 47. Gunduwa huɗun nan sau da yawa su ne ribar aikin baki ɗaya.

Asarar tana da ciwo ne saboda ƙarfen ba shi da araha. Kamfanin ALSCON na Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom ya fara narka alminiyam a 1997, ya tsaya a 1999, kuma sayar da shi ga kamfanin Rusal na Rasha a 2007 bai kawo ɗorewar aiki ba. Don haka farashin sabuwar sanda yana bin canjin dala.

Bugu da ƙari, alminiyam yana da laushi, yana narkewa a zafin digiri 660 kacal, sai ya riƙa manne wa haƙoran zarto. Maganin wannan shi ne zarto mai manyan haƙora, da ɗan ɗiga kananzir a bakin yanka, nesa da wuta. Faifan da aka yi domin yankan baƙin ƙarfe kuwa ganganci ne a sa shi a nan: yakan toshe, ya ɗau zafi, har ya tarwatse a fuskar mai aiki. Haka nan dole a ɗaure sandar tam, domin abu mulmulalle yakan juya ya fizge hannu.

Garin da ya zuba ma kuɗi ne, muddin ba a bari ya gauraya da na baƙin ƙarfe ba. Masu zubin tukwane suna narka tsohon alminiyam, kuma sake narka shi yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo. Sai dai farashin gari bai kai na sanda ba ko kusa, saboda haka wajibi ne maƙeri ya sa kuɗin bakin zarto cikin ciniki tun kafin ya ce ya sallama.