Daga Kaset Zuwa Lambobi: Yadda Ake Zaɓen Na'urar Adana Waƙoƙi a Gida

Gabatarwa

A garuruwan yammacin Jihar Zamfara, kamar Anka da Gummi da Bukkuyum, har zuwa ƙauyuka irin su Tungar Daji, akan tarar da gidajen da ke ajiye da tsofaffin kaset-kaset a cikin akwati. Wasu na karatun malamai ne, wasu kuma na makaɗan fada ne irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Waɗannan makaɗa duk sun kwanta dama, kuma akwai kaset ɗin da ba shi da na biyu. Kaset kuwa ba ya dawwama. Zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Zafi da ƙura da yawan juyawa suna cinye shi sannu a hankali.

Maganin wannan asara shi ne a mayar da sautin lambobi, a zuba shi cikin na'urar adana waƙoƙi, wato wata ƙaramar kwamfuta da aikinta shi ne tara sauti da aika shi ga lasifikan gida. A kasuwannin Turai da Amurka akwai irin waɗannan na'urori da kuɗinsu ya kai na mota. Shin tsadar ce ke kawo daɗin sauti? Amsar tana cikin fahimtar yadda sauti ke zama lamba.

Yadda Sauti Ke Zama Lamba

Sauti girgiza ce da ke tafiya a cikin iska. Idan makaɗi ya bugi kotso, fatar takan girgiza, ta girgiza iskar da ke kewaye da ita, har abin ya kai ga dodon kunne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa kimanin sau 20,000 a cikin sakan guda, kuma wannan iyaka tana raguwa da shekaru.

A faifan garmaho da kaset, siffar girgizar kanta ake kwaikwaya, shi ya sa duk lokacin da aka kwafi kaset daga wani kaset sai shuu ta ƙaru, murya ta dusashe. A tsarin lambobi kuwa, na'ura ce ke auna ƙarfin girgizar sau dubbai a sakan, tana rubuta kowane awo da lamba. Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 sun kafa ƙa'idar wannan aiki: muddin yawan awon ya zarce ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikin sautin, to ana iya maido da sautin daga lambobin. Saboda haka ne faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yake awo sau 44,100 a sakan, wato ya ɗan haura ninki biyu na 20,000. Kowane awo ana rubuta shi da bit 16, wato jerin sifiri da ɗaya guda 16, waɗanda ke ba da matakai 65,536.

Darasin da ke nan shi ne, lamba ba ta canzawa don an sauya mata wurin ajiya. Idan an kwafi lambobin daidai, abin da ke cikin na'ura mai araha shi ne ke cikin mai tsada.

Lissafin Wurin Ajiya

Ga lissafin da kowane ɗalibi zai iya yi. A ninka 44,100 da 16, sa'an nan a ninka da 2, domin lasifikar dama da ta hagu. Za a sami bit 1,411,200 a sakan, wato kimanin megabayit 10.6 a minti. Kaset mai minti 60 zai ci kusan megabayit 635. Ke nan faifan ajiya mai terabayit 1 zai ɗauki kaset fiye da 1,500.

Akwai hanyoyi biyu na rage girman sauti. Tsarin MP3, wanda aka tabbatar a farkon shekarun 1990, yana zubar da ɓangaren sautin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, har minti guda ya koma kimanin megabayit 1. Irinsa ne masu tura waƙoƙi a kasuwanni suka fi zuba wa mutane a waya. Ya dace da saurare, amma abin da aka zubar ba ya dawowa. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse sautin zuwa wajen rabi ba tare da ya yar da ko bit ɗaya ba. Shi ya fi cancanta ga kaset ɗin da ba shi da na biyu.

Abubuwan Lura Wajen Zaɓe

Na farko, asalin sautin. Babu na'urar da za ta maido da abin da bai shiga ba. Don haka a tsabtace kan rikoda, a kuma ɗauki sautin ta waya kai tsaye, ba a kara makirufo a bakin lasifika ba.

Na biyu, sashen da ke juya lamba zuwa sauti, da na'urar ƙara ƙarfinsa, da lasifika. A nan ne sauti ke komawa girgiza, kuma a nan ne kunne ya fi jin bambanci, musamman ga lasifika. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya kashe kuɗinsa a nan.

Na uku, wuta. A inda ake dogara da hasken rana da batir, na'urar da ke cin wat kaɗan ita ce abin nema. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a 2012, tana iya yin wannan aiki da 'yar wuta kaɗan.

Na huɗu, zafi da ƙura. A bazara zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura. Na'ura mai fanka tana zuƙo ƙurar ciki, don haka marar fanka ta fi. Haka nan ma'ajin SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi jure bugu da jijjiga.

Na biyar, na'urar ta iya aiki ba da intanet ba, domin layin sadarwa ba abin dogaro ba ne a ko'ina.

Na shida, kuma mafi muhimmanci, kwafi. Kowane ma'aji yana iya lalacewa rana ɗaya. A yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a wani gari dabam. Kada kuma a yar da kaset ɗin asali.

Kammalawa

Na'ura mai tsada tana iya fin mai araha ƙarko da kyan ƙira da sauƙin sarrafawa, amma ba ta ƙara wa lamba komai. Abin da zai ceci muryoyin da ke cikin akwatunan nan shi ne ɗaukar sauti da kyau, da tsarin da ba ya zubar da komai, da yawan kwafi, tun kafin zaren ya tsinke.

Aikin Aji

1. Kaset nawa mai minti 90 ma'aji mai gigabayit 32 zai ɗauka a ma'aunin faifan CD?

2. Malami ya tanadi waƙa ɗaya a tsarin MP3 da na FLAC, ya kunna su sau 10 a cakuɗe ba tare da ɗalibai sun san wadda ke tashi ba. Kowa ya rubuta abin da yake zato. Wanda ya dace sau 5 kacal bai fi mai canki-canki ba. A tattauna sakamakon.