Sassaƙe, Ƙaho da Tausa a Abuja: Abin Yi da Abin Bari

Duk wanda ya ce maka maganin gargajiya ba ya illa tunda itace ne, ko dai bai san itace ba, ko kuma aljihunka yake hari. Zaƙami ma tsiro ne, ga shi yana haukata mutum. 'Ya'yan bini-da-zugu a jikin shinge suke, yara sukan ci a kwashe su suna amai da zawo.

Ban raina saiwa da sassaƙe ba. A nan Idu, a cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, aka fitar da Niprisan, mai rage tashin ciwon sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Maganin maleriyar da asibiti ke ba mu yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka tato shi, aikin da ya sa 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Amma waɗannan an auna su, an gwada, an san iyakarsu. Tunda itace magani ne, sai a bi shi da ladabin magani. Ga ladabin.

Kafin komai ya shiga bakinka

Ka yi wa mai magani tambaya uku: mene ne a ciki, nawa zan sha, kwana nawa zan yi ina sha? In ya ce sirrin gado ne, ka bar masa sirrinsa ka tafi da ƙodarka.

Kada ka sayi magani a bayan mota mai lasifika, ko a tashar Zuba, ko a Jabi, ko cikin cunkoson Nyanya da Mararaba. Dokar ƙasa ta hana sayar da magani a tasha da bakin titi da cikin motar haya. Mutanen Abuja ba su manta da maganin Baban Aisha ba, wanda aka yi ta shelarsa unguwa-unguwa, har binciken 'yan jarida a 2023 ya nuna yana lahanta ƙoda da hantar dabbobin da aka gwada shi a kansu, NAFDAC ta dira a masana'antar a jihar Kaduna. Waɗanda suka riga suka shanye, wa zai mayar musu da lafiyarsu?

Ka duba lambar NAFDAC, ka kuma san abin da take nufi. Lambar da ke ƙarewa da harafin L izini ne na shekara biyu, shaidar cewa gwajin farko bai nuna guba ba. Ba shaidar warkarwa ba ce. Ka duba ranar lalacewa da adireshin mai haɗawa. Gorar da ba suna ba kwanan wata, ko kyauta ce kada ka karɓa.

Kada ka yarda da kwalba ɗaya mai maganin basir da taifot da sanyi da suga da rashin haihuwa. Babu ita. Kuma ka daina kiran kowane ciwo basir. Jini a bayan gida tare da rama, musamman ga wanda ya haura arba'in, yana iya zama sankarar hanji. Wata shida da za ka ɓata kana shan tsimi, su ne watannin da aiki zai iya cetonka.

Kada ka ajiye ƙwayar hawan jini, ko ta suga, ko ta farfaɗiya, ko ta tarin fuka, ko ta ƙanjamau, don wani ya ce jiƙonsa yana tumɓuke cuta daga tushe. Hawan jini ba ya sallama. Ranar da ka ji sauƙi ka daina, ranar ya fara shirya maka shanyewar ɓarin jiki.

Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha a gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zoɓo yana ɗan sauke jini, zogale da hulba suna taɓa suga, tafarnuwa da citta masu yawa suna ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini da wanda za a yi wa tiyata. Likitan da bai san da su ba zai auna maka magani a makance.

Maza, kada ku sha maganin ƙarfi na leda ko na shayi da ba ku san tushensa ba. An sha kama irinsu an cakuɗa da garin ƙwayar bature, kuma ga mai ciwon zuciya hakan na iya zama ajali. Mata, kada ku cusa kanwa ko alif ko wani ƙulli a gabanku da sunan matsi, kada kuma ku sha “sha ka fashe”. Kumburi ne, ba ƙiba ba.

Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce ke mulki. Ka shafa man kaɗanya a leɓe da diddige da bakin hanci, shi ne maganin faso da haɓo mafi sauƙi. Ka sha shayin citta da kanumfari da lemun tsami don mura, ka rufe hanci in za ka hau babur.

Kada ka kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, kada ka kunna janareta a baranda ko lungun da iska ba ta ratsawa. Iskar da ke kisa ba ta da wari, barci take sawa, kuma gida guda take ɗauka.

Kada ki yi wa ƙaramin yaro sirace a kan tafasasshiyar tukunya; ƙunar ta fi murar muni. Kada ki turara ɗakin mai asma. Yaron da numfashinsa ke sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya wuce zuma da man zafi. Asibiti, yanzu.

Kada a shanya garin rogo ko hatsi ko ganyen magani a bakin kwalta, kamar yadda ake gani a hanyar Kwali da Abaji. Rani ne lokacin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne kuma ke yaɗa shi da fitsari da kashi.

Bazara

Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, mutumin Gwagwalada ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Kunun tsamiya, zoɓo, ruwan goruba duk suna da kyau, in ba a cika su da sukari ba, in kuma ka san ruwan da aka haɗa su da shi. Kada ka sha filasko ko wani maganin wankin ciki a tsakiyar zafi, balle da azumi a bakinka. Jikin da gumi ya tatse, in zawo ya biyo baya, ƙoda ce ke biyan bashin.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wannan sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada a tsaya tausa wuya, kada a tsaya hayaƙi, kada a ce iska ce. A annobar 1996 sama da mutum 11,000 suka mutu a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Cutar tana iya kashewa cikin yini guda. Ku buɗe tagogi, ku rage cunkoson kwana, ku kai yara riga-kafi.

Damina

Daga Afrilu zuwa Oktoba sauro ne da gari, kuma Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Ka yi gwaji kafin ka sha komai. Ɗigon jini ne da minti goma sha biyar zuwa ashirin. In maleriya ce, ka shanye maganin kwana uku cif. Dafa darbejiya da ganyen mangwaro da gwaba yana sa gumi, jiki ya ɗan saki, amma ba a dogara da shi ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ko mai juna biyu. Tazargade ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙonsa a madadin magani ba, don ƙarfinsa ba ya da tabbas, rabin magani kuwa koya wa cuta taurin kai yake yi. Man darbejiya kada ya kusanci bakin jariri.

Yaro in yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga. Kada a tura cokali a bakinsa, kada a ɗura masa manja ko jiƙo, kada a kara ƙafarsa a wuta.

Amai da gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba shi tun a gida, a ci gaba a hanya. Kwalarar 2021 ta ci sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, Abuja ma ba ta tsira ba. Bagaruwa ba ta mayar da ruwan jiki.

Saran maciji, manoman Kuje da Bwari ku ji da kyau: kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɓata lokaci neman baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa inda ke da allurar dafi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar da ka yi ƙofa ka buɗe masa.

Garin magani da ya yi fumfuna, a zubar. Gubar fumfuna hanta take ci, tafasawa ba ta kashe ta.

Aska, ƙaho da hannun mai tausa

Ƙaho sunna ne, ba mai jayayya. Amma sunna ba ta ce a yi da askar da ta taɓa jinin wani ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma ƙwayar tana iya kwana bakwai a raye a kan ƙarfe. Ka tafi da sabuwar rezarka, ko a ɓare a gabanka. Kofunan roba na gidajen hijama na mutum ɗaya ne. Goge su da auduga ba tsabta ba ce. Mai ƙarancin jini, mai sikila, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, mai sugan da rauninsa ba ya warkewa, duk su haƙura. Shi kansa wanzami ya sa safar hannu ya yi allurar riga-kafin hanta, don shi ya fi kowa cuɗanya da jini.

Tausa tana da daɗi, tana kuma sakin jijiya ga wanda ya yini a kujerar ofis a Sakatariya ko a sitiyari daga Kubwa zuwa Berger. Amma kada ka bari a murɗa maka wuya har ya yi ƙara. Kada a tausa sha-raɓar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, musamman bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar tafiya. Gudan jini ne mai yiwuwa, matsa shi na iya tura shi huhu. Wanda bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, maganarsa ta sarƙe, kada a tsaya shafa masa mai. Sa'o'in farko su ne komai. Tausa da motsa gaɓoɓi daga baya suke zuwa, a sashen gashin ƙashi.

Ɗori kuwa sai na ɗan daɗe a kansa. Akwai maɗora na gado masu hannu, kowa ya sani. Amma hannu ba ya gani cikin tsoka. Ka yi hoton ƙashi tukuna, sannan a yi maganar wanda zai ɗora. Karayar da ƙashi ya huda fata, ta ƙugu, ta gadon baya, ta gwiwar hannun yaro, ba na gida ba ne. In an ɗaure da kara, a duba yatsu dare da rana: in sun yi sanyi, ko baƙi, ko sun daina ji, ko zogin ya ƙi lafawa, a kwance nan take a nufi asibiti. Kada ka saurari wanda ya ce maka “ƙashi ne ke kamawa, ka daure”. Ɗaurin ne ya toshe jini. Likitocin Gwagwalada da na Dala a Kano sun sha yanke hannun yaran da karayarsu ba ta kai ta kawo ba, ɗauri ne kawai ya ruɓar da naman. Araha ba ta ado.

Mai jego da jariri

Iyayenmu mata, da girmanku, a sassauta. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa, abin ya fi tsanani a lokacin zafi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa ƙwarai, mai hawan jini kuwa kada ta sha sam. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki in ta kwanta, ba “sanyi ne ya shige ta” ba. Kada a ƙara wuta, a kira mota.

Jariri nono zalla har wata shida. Ba jiƙo, ba ruwan kafur, ba zuma sai ya cika shekara. Cibiya a sa mata maganin da asibiti ta bayar. Ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma. In idonsa ya yi rawaya, shawara ce mai iya taɓa ƙwaƙwalwa, shanya shi a hantsi ba ya isa. Kada a cire masa belu; zubar jini da sarƙewar haƙora ake sayowa. Kada a sa masa kwalli: wanda aka gwada a Amurka, da aka kai daga Najeriya, an tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce, gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Kaciyar mata da yankan gishiri, wanda ke jawo yoyon fitsari, a bar su har abada. Dokar hana cin zarafi ta 2015 tana aiki a Abuja, kuma ɗauri ta tanada ga mai yi wa mace kaciya.

Ku kuma masu magani na gaskiya, ku rubuta abin da ke cikin haɗinku, ku daina zagaye bishiya da sassaƙa har ta bushe, ku kai samfurinku Idu a auna. Mara lafiyar da ya kwana uku a hannunku bai sami sauƙi ba, ku tura shi asibiti da bakinku, kada ku jira sai an ɗauke shi ranga-ranga.