Yadda Bincike Ke Warwatsuwa a Mujallu, da Abin da Ya Kamata Ɗakin Karatu Ya Yi

Binciken masana a kan fanni guda ba ya taruwa a mujalla ɗaya. A shekarar 1934 Samuel Bradford, mai kula da ɗakin karatu na Gidan Tarihin Kimiyya a Landan, ya ƙirga maƙalun wani reshe na kimiyyar ƙasa, ya tarar sun rabu kashi uku kusan daidai. Kashi na farko yana cikin mujallu 9 kacal, na biyu cikin 59, na uku kuwa sai an bi mujallu 258 kafin a tattara shi.

Haka abin yake ga mai neman tarihin Hausawan Jazira da bakin kogin Nil Azrak a ƙasar Sudan. Garin Mai Wurno, kusa da Sinnar, ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru; shi Bello ne ya yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Littattafai kaɗan ne ginshiƙin wannan fanni: na Mark Duffield a kan Mai Wurno a 1981, na Bawa Yamba a kan mahajjatan da suka zauna a Sudan a 1995, da na Al-Amin Abu-Manga a kan Hausar Sudan a 1999. Sai tsohuwar mujallar Sudan Notes and Records, wadda aka fara bugawa a 1918. Sauran ya bazu cikin mujallun noman auduga, na lafiya da na harshe, wani da Larabci, wani da Turanci. Wahala ta ƙaru domin marubuta sukan kira mutanen nan da sunan Fallata ko Takari, har mai laluben sunan Hausa kaɗai ya wuce maƙala bai sani ba.

Saboda haka ƙaramin ɗakin karatu kada ya ce sai ya mallaki komai, kuɗinsa ba za su kai ba. Ya fara sayen ginshiƙan nan, sauran ya nemo su ta aro, ko hoton takarda, ko intanet, daga manyan cibiyoyi irin Jami'ar Jazira da ke Wad Madani da Jami'ar Bayero ta Kano. Amma kada a raina kashi na uku, domin sau da yawa labarin ƙauye guda yana cikin maƙala ɗaya tak.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya nuna haɗarin ajiye takarda a wuri ɗaya. Malaman makaranta da dattawan gari su rubuta sunan duk maƙalar da ta zo hannunsu, su ɗauki hotonta, su aika wa ɗakin karatu fiye da ɗaya.