Yadda Dattijo Zai Tsare Kansa Daga Mura Mai Zazzaɓi a Lokacin Hunturu

Idan kaka ta wuce, aka gama kai amfanin gona rumbu, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da hazon Sahara tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, to, a nan ne mura mai zazzaɓi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, kan yawaita a gidaje, ko da yake a ƙasashenmu masu zafi takan ɓulla har da damina. Saurayi kan kwanta da ita 'yan kwanaki ya tashi, amma ga wanda ya haura shekara 65, musamman mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko asma, takan zama ƙofar ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana sanadin mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara, kuma tarihi ya tabbatar da cewa annobar 1918, wadda ta sauka Ikko ta jirgin ruwa a watan Satumba, hanyar jirgin ƙasa ta biyo har ta iso Arewa.

Matakin farko shi ne a nemi allurar rigakafi tun sanyi bai kankama ba, domin jiki yana bukatar kimanin mako 2 kafin ta fara aiki, kuma ana sabunta ta duk shekara saboda ƙwayar cutar tana sauya kama. Ba ta cikin alluran da ake bi gida-gida ana yi wa yara, sai an tambaya a manyan asibitoci. Ita ce dai wadda hukumomin Saudiyya ke shawartar maniyyata su yi kafin aikin Hajji.

Na biyu, a gyara sha'anin alwala da fitar asuba. Ya kamata ɗa ko jika ya ɗauki nauyin ɗumama wa Baba ruwa tun da dare a zuba a fulas, shi kuma ya fita masallaci da rigar sanyi, ya ja amawali ya rufe hanci da baki, ko ya sa takunkumi, wanda ya fi tare ƙura. Sanyi da kansa ba shi ne cutar ba, sai dai busasshiyar iska tana ƙeƙasar da hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta sami sauƙin shiga. Dattijon da ke ganin wanka da ruwan randa da asuba alama ce ta ƙarfin imani, ya tuna cewa malaman mazhabar Malikiyya, a littattafan da ya karanta tun yana zaure, irin su Ahalari da Risala, sun halatta taimama ga majiyyacin da ke tsoron ruwa zai ƙara masa cuta, kuma rashin lafiya uzuri ne karɓaɓɓe na barin jam'i, har da Juma'a.

Na uku, kuma a ganina nan ne aka fi sakaci, shi ne abin da ke faruwa a cikin gida. Galibi cutar ba daga kasuwa take iske tsoho ba, jikansa ne ke ɗauko ta daga makaranta ya hau cinyarsa da majina, ko baƙon da ya zo gaisuwa ya yi atishawa a tafin hannu, sa'an nan ya miƙa shi don musafaha. Tana bin feshin tari da atishawa, tana kuma maƙalewa a hannu da moɗa da butar da kowa ke taɓawa, ta yi kamar kwana 2 a jiki kafin alamunta su bayyana. Saboda haka a keɓe wa dattijo kofinsa da cokalinsa da butarsa, ya riƙa wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan dawowa daga masallaci, ko suna, ko zaman makoki, tun kafin ya taɓa fuska ko ya ci goro. Yaron da ke mura a koya masa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Kaka, ina kwana?" har ya warke, wannan bai rage komai daga ladabi ba, kuma uwar yaron ce ya wajaba ta tsaya a kai, tun da kakanni ba su iya korar jika.

Na huɗu, ɗakin kwana. Kada a kuskura a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, domin gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, takan kashe mutum yana barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, a ƙara bargo, da hantsi kuma a buɗe taga, a yayyafa ruwa kafin shara.

Batun ci da sha ba ya bukatar dogon bayani. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, bare da sanyi, don haka a riƙa miƙa masa ruwan ɗumi da kunun tsamiya ko bai nema ba, tare da zogale da lemon zaƙi. Citta da kanumfari da zuma suna sanyaya maƙogwaro, amma ba sa kashe ƙwayar, mai ciwon sukari kuwa ya yi hattara da zumar.

In kuwa duk da haka ta kama shi, da zazzaɓi farat ɗaya, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, to, a nan ne dauriyar da muke yaba wa manya kan zama illa, domin wanda aka tambaya ya ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi" alhali ko tashi ba ya iyawa, ya ɓata wa iyalinsa lokacin da ya fi tsada. Maganin da likita kan rubuta don wannan ƙwaya ya fi amfani in an fara shi cikin awa 48 na farko, sa'an nan zazzaɓin na iya zama na cizon sauro, wanda gwajin jini kaɗai ke bambancewa. Kada a aiki yaro kemis ya haɗo kafso, gama magungunan kashe bakteriya ba su da tasiri a kan mura, wasu magungunan toshewar hanci suna ɗaga hawan jini, da yawansu kuma akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka shi bai sani ba. Da zarar an ga numfashi yana sarƙewa, ko ƙirji yana ciwo, ko magana ta fara rikicewa, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓin ya dawo bayan an sami sauƙi, a nemi mota a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne, a tafi da dukkan magungunan da yake sha a leda guda domin likita ya gani.